Bencin Baba Audi

Baba Audi ya rasu da hantsi, ana tsakiyar kwasar dawa daga gona, kuma tun kafin a gama yi masa wanka maganar da ke bakin Kiristocin Unguwar Mani ita ce ko za a shiga da gawarsa coci. Ku ji fa. Mutumin da ya yi dakon ƙasar ginin cocin nan a kansa, yau shi ake tambaya ko ya isa a shiga da shi.

Tabita, babbar 'yarsa, ba ta tsaya kuka ba. Ta yafa gyale ta nufi gidan fastonsu, Rabaran Istifanus, ranta na tafasa, domin ta san abin da ke gabanta. Ubanta ya mutu yana ƙarƙashin horon coci, kuma wanda ya mutu a horo ba a buga masa ƙararrawa, ba a ɗaukar sa a makarar coci, ba fasto mai naɗi da zai tsaya a kan kabarinsa.

Ga yadda abin ya samo asali. Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Sabuwa lamba, Rabaran ya kwashi matarsa da 'ya'yansa ya koma Funtuwa, ya danna wa coci kwaɗo. Ba wanda ya ga laifinsa, kowa ta kansa yake yi. Uwarsa Dada ce ta kafe, ta ce ita ba ta barin ɗakinta ta je ta mutu a gidan haya. Waɗanda ba su da inda za su suka rage, sai Baba Audi, dattijon ikilisiya, ya shimfiɗa tabarmi a zaurensa. Ran Lahadi a taru a yi waƙa ƙasa-ƙasa, ya karanta Littafi Mai Tsarki yana bin layi da yatsa, a yi addu'a, kowa ya sulale gida.

Da ciwon ajali ya kama Dada, ba ta nemi magani ba, Jibin Ubangiji ta ce tana so. Aka kira ɗanta a waya, ya ce hanya ba ta biyuwa, kuma gaskiya ya faɗa. To amma doka ta ce ba mai ba da jibi sai wanda aka naɗa. Baba Audi ya dubi tsohuwa tana miƙo hannu, ya sa aka samo burodi, Tabita da hannunta ta jiƙa zoɓo. Ya yi addu'a ya gutsura ya ba ta, ya ɗora mata ƙoƙo a baki. Dada ta tafi da murmushinta.

Da ƙura ta lafa Rabaran ya dawo, ya buɗe coci, maganar jibin nan ce majalisar ikilisiya ta fara zama a kai. Ba sannu, ba mun gode. Aka ce Baba Audi ya taɓa abin da ba nasa ba, ya koma bencin baya, can bakin ƙofa inda ake ajiye mashaya burkutu da waɗanda aka kama da matan mutane, har sai ya miƙe gaban jama'a ya ce ya yi zunubi, ya kuma nannaɗe tabarmin zaurensa.

"Inda kuka ce nan zan zauna," in ji Baba Audi. "Amma ba ni tashi gaban Allah in ce na yi nadamar abin da ban yi nadama ba."

Haka ya yi ta zama, Lahadi bayan Lahadi, shi kaɗai a kan dogon benci, don ba mai yarda ya matso kusa a ce shi ma da nasa laifin. Tabita takan dawo gida tana huci. Shi kuwa dariya yake yi, ya ce wurin ba laifi, daga nan ana ganin ƙeyar kowa.

Ta iske Rabaran a ƙofar gidansa, idonsa ja. Ta durƙusa ta gaishe shi, don duk fushinta ba ta bar ladabi a gida ba.

"Rabaran, Baba ya cika. Na zo a buga mashi ƙararrawa."

"Na ji, Tabita. Allah ya ba mu haƙuri." Ya daɗe yana murza hannu. "Kin san bai fita daga horo ba."

"Ka fidda shi yanzu. Kai ka sa shi."

"Majalisa ta sa shi, kuma akwai na sama da ni. Ki fahimce ni. In aka bari kowane mai zaure ya riƙa ba da jibi, gobe kowa fasto ne. Ba ki ji wanda ya tara mutane a gidansa can wajen Tafoki ba, ya ce shi annabi ne? Aure nawa ya kashe? Tumaki in ba makiyayi, watsewa suke."

"Makiyayin yana Funtuwa sa'ad da tumakin ke zauren Baba," in ji ta. "Wa ya ba Dada jibi, Rabaran?"

Ya kawar da kai. "Uwata ce. Shi ya sa ma ba ni iya ɗaga ƙafa. Cewa za a yi don tawa ce na karya doka."

Wai don tasa ce. Ashe abin da za a ce a kansa ya fi masa nauyi a kan gawar mutumin da ya rufe wa uwarsa ido. Ya ƙara da cewa a gaya wa matan zumuntar coci kada su ɗaura zanen ƙungiya, ba jana'izar ikilisiya ba ce.

Ta miƙe ba sallama. Coci na buɗe ana shara. Ta shiga, ba ta ko dubi makarar da ke jingine a kusurwa ba, ta cicciɓi bencin baya ta aza a ka. Rabaran ya biyo ta da sauri.

"Tabita, kayan coci ne wannan."

"Nashi ne. Ku kuka ba shi."

Ta ratsa unguwa da benci a ka, mutane na darewa. A ƙofar gida ta tarar da Malam Gide, maƙwabcinsu Musulmi, shi da 'yan'uwansa sun dawo daga haƙar kabari, ƙasa har gwiwa. Labari ya riga ya iske shi. Ya ce in ba su ƙi ba, ga makarar masallaci nan a ɗauko.

"Allah ya saka da alheri, Malam," in ji ta. "Ya samu tashi makarar."

A kan bencin nan aka kwantar da Baba Audi, aka ɗaure da igiya, maza suka saɓa a kafaɗa. Matan zumunta suka fito kaf, kowace ta ɗaura zanen ƙungiya bai-bai, ciki a waje, wanda ke son ya ce sun karya doka ya zo ya nuna. Ba ƙararrawa, sai suka ɗaga murya da waƙar da suka saba yi ƙasa-ƙasa a zaure, yau kam har gonaki ana ji. A bakin kabari aka tsaya ana kallon-kallo, ba mai naɗi. Tabita ta buɗe Littafin ubanta ta karanta, ta yi addu'a aka rufe shi.

Washegari zaure ya cika da masu gaisuwa, tabarmi ba wurin sa ƙafa. Bencin yana bakin ƙofa inda aka sauke shi, ba wanda ya iya zama a kai. Sai ga Rabaran ya yi sallama, ba farar kwalar fasto a wuyansa. A da, da tuni wani ya zabura ya ba shi wuri a gaba. Yau ba wanda ya motsa.

Ya tsaya yana rarraba ido. Tabita ta nuna masa da hannu.

"Ga wuri nan, Rabaran."

Ya dubi bencin, ya dube ta. Sannan ya tattara rigarsa ya zauna, shi kaɗai a kan dogon katako. Jama'a suka juya suka ci gaba da addu'arsu, suka bar shi da kallon ƙeyarsu.