Tukunya a Kan Furen Lyazid

A gidan su Mokran, can ƙarshen ƙauye inda hanya ke ƙarewa a gindin dutse, ba a haihuwar yaro a bar shi ba fure. Ranar suna babbar matar gida kan tona rami a jikin katangar lambu, ta binne kan furen narjis guda mai kama da ƙaramar albasa, ta ambaci sunan jaririn. Shekara na juyowa yana 'ya'ya, har ya zama gungu. Kowa a gidan ya san nasa.

Abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba shi ne, na matattu ne ke fara fitowa. Tun dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba za ka ga sun leƙo, na masu rai kuwa sai rana ta yi ƙarfi. Uwar Mokran, Allah ya jiƙanta, tsohuwa ce da ba ta iya tauna magana ba, ita ta gaya wa matarsa Sekkura dalili tun tana amarya: na matattu suna da mai turo su daga ƙasa.

Sekkura ta daɗe tana ɗaukar zancen a matsayin surutun tsufa. Sai bana, da aka gama tsinkar zaitun, ɗansu Lyazid ya tattara ya gangara bakin teku, ya shiga kwalekwalen masu tsallakawa Turai. Ya kira uwar kafin su tashi, ya ce, "Yemma, ki ajiye mini man zaitun sabon matsa, kada Baba ya shanye." Daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

Sanyi ya fara sassautawa. Na tsohuwa ya fito, kamar kullum shi ne na farko, ko a kabari ba ta yarda a riga ta ba. Na Dahbiya, 'yarsu da ta rasu tana goye, ya biyo baya. Sekkura tana zuwa kowace safiya da tsintsiya a hannu, wai shara, alhali ba abin sharewa sai laka. Wata safiya ta ga ƙasar gungun Lyazid ta tsage, ga ɗan kore ya leƙo kamar bakin allura. Ta dubi nata, ta dubi na Mokran, ƙasa a daskare ba ko alama. Tsoro ya kama ta.

Ta shiga ɗaki ta ɗauko tukunyar ƙasa, ta kifa a kan tsiron, ta ɗora dutse. A ganinta, idan bai ga haske ba zai haƙura ya jira 'yan'uwansa masu rai.

Mokran ya gani ya yi mata tsiya son ransa. Ya tambaye ta ko ta fara girki da bayan tukunya ne, ya ce yaron yana can yana wanke kwanonin Turawa, kunya ce ta hana shi kira. Shi kuwa mai tsiyar, tun daga ranar bai ƙara bi ta wannan gefen lambun ba, sai ya zagaya ta bayan itacen ɓaure in zai je wurin awaki.

Ranar bikin tarbar fitar sanyi ta zo. Da sassafe matan ƙauye suka fito da yara, da dafaffen ƙwai da alewa a kwanduna, suka nufi gangare suna guɗa. Maƙwabciyarta ta leƙo ta kira ta, "Nna Sekkura, ko sai mun ɗauke ki a goye?" Ta ce su yi gaba, tana tafe.

Da ta juya sai ta ga dutsen a ƙasa. Tukunyar ta karkace, gefe ɗaya ya ɗaga, kamar wani ya sa kafaɗa daga ciki. Babu iska a safiyar, awaki kuma suna ɗaure. Ta durƙusa ta ɗaga ta.

Furannin sun buɗe duka, farare tas, sun fi na tsohuwa tsayi, alhali ko sau ɗaya rana ba ta taɓa su ba. Ƙasar gindinsu a jiƙe take sharkaf, ruwa na tsattsafowa a hankali. Ba ƙamshin narjis ya buge ta ba, wani ƙarni ne da ta taɓa ji sau ɗaya a rayuwarta, ranar da aka kai ta birnin bakin teku ganin likita. Ta dangwala yatsa ta kai baki. Gishiri ne.

Mokran yana tsaye a bayanta, ba ta ji zuwansa ba. Ya ce ai duk manomi ya san tukunya na riƙe ɗumi, ita da hannunta ta gaggauta su. Ta miƙa masa yatsan. Ya sunkuya ya ɗanɗana ruwan da kansa, ya daɗe bai miƙe ba.

"Tukunyar jiƙa zaitun a ruwan gishiri ce kika ɗauko," in ji shi. "Dole ta yi gishiri."

"Sabuwa ce, Mokran. Kai ka sayo ta ranar kasuwa, ko ruwa ba ta taɓa sha ba."

Ana jiyo guɗar mata daga gangare. Mokran ya cire hularsa ya riƙe, ya dubi furen ya ƙara duba. Sannan ya shiga cikin gida, ya fara fito da tabarmin da ake shimfiɗa wa masu zuwa gaisuwa.