Sitikar da ke Kan Sukuru

A unguwarsu a Kazaure, duk matar da wayarta ta ƙi tashi, gidan Malama Shahida take nufa. Shahida malamar kwamfuta ce a makarantar 'yan mata, Asabar da Lahadi kuma takan yi wa wayoyi filashin, wato sake musu manhaja, a barandar gidanta. Masu gyara sun cika bakin kasuwa, wasu ma sun fi ta hannu, amma duk maza ne, mace kuwa ba ta son wayar da ke ɗauke da hotunanta babu ɗankwali ta kwana a shagon namiji. Abin da ya kawo mata mata ke nan: sun yarda da ita.

Wannan yardar ce ta fara tsagewa a kan wayar Asma'u.

Asma'u 'yar Roni ce, aure ya kawo ta unguwar. Ta kawo wayar tana tsayawa a tambarin kamfani, ba ta wucewa. Shahida ta yi mata bayani cewa manhajar ciki ce ta lalace, sai an zuba sabuwa, kuma duk abin da ke ciki zai goge. Asma'u ta amince. Shahida ta karanta lambar samfurin da ke bayan murfi, ta sauko da fayil ɗin da ya dace da lambar, ta zuba. Aiki ya tafi lafiya har ƙarshe. Da ta danna makunni, wayar da a da take nuna tambari ta yi baƙi ƙirin. Ko caji ba ta ja.

Kafin Juma'a magana ta zaga gidaje. An ce Malama tana zare injin waya mai kyau ta dasa matacce. Mata biyu suka aiko aka karɓi wayoyinsu ba a gyara ba. Shahida ta so ta buɗe wayar ta ga abin da ke ciki, har ta ɗauko sukurdireba, sai ta mayar. In ta buɗe ita kaɗai, wa zai shaide ta? Ta aika wa Asma'u cewa ta zo ran Asabar da hantsi, ta zo da duk wanda ta ga dama.

Ta zo da gwaggonta, Dela, wadda ta hawo babur daga Roni tun ran Juma'a saboda wannan zama.

Bayan gaisuwa Shahida ta shimfiɗa musu tabarma. Dela ta ƙi zama a kai, ta jawo kujera 'yar tsugunno har gwiwarta na taɓa teburin.

"Nan ya fi mini, Malama. Idona ba ya gani daga nesa."

"To, Gwaggo, bismillah. Ki duba da kyau."

"Ai dubawa ta kawo ni. Waya ta shigo da ranta, numfashi kawai take ja, aka ce an kai ta asibitin mata. Sai ga gawa."

Asma'u ta sunkuyar da kai. Shahida ta jawo wayar gabanta. Ta sa farce ta ɓalle murfin baya, ta ajiye a gaban Dela. A ƙarƙashinsa akwai baƙin faranti da ƙananan sukuru suka riƙe. Tana kwance su ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a murfin gwangwani, sai ta tsaya a na kusurwa. Wata 'yar farar sitika ce ta rufe kansa, an yi rubutu a kanta da biro.

Ta miƙa wa Asma'u wayar. "Karanta mana, don Allah."

"Kwanan wata ne. Watan bakwai na bara."

"Ta yage?"

"A'a."

"Masu shago ne ke manna irinta bayan sun gama aiki, don su gane in wani ya sake buɗewa. Ba a isa injin sai an huda ta. Gwaggo, ki taɓa ki ji."

Dela ta kankara da farce, ta kai wayar wajen haske, ta juya ta. "Sitika dai ai kowa yana iya mannawa."

"Haka ne," in ji Shahida. Ta huda ta a gabansu, ta ɗaga farantin.

Lambar da ke jikin injin ba ita ce ta murfin ba. Sun yi kama, harufan ƙarshe ne suka bambanta. Shahida ta sake duba su. Ta ga dalilin mutuwar wayar: ta zuba wa inji fayil ɗin wani samfuri. Ta kuma ga yadda maganar za ta shiga kunnen Dela. Ta yi tunanin ta gyara shiru ta rufe, don babu mai gane ma'anar lambar a cikinsu. Amma ta kira su ne don kada a ɓoye komai.

"Injin nan ba na wannan jikin ba ne," ta ce.

Dela ta tafa hannu. "Ke kin ji! Da bakinta!"

"Bari in tashe ta tukuna, Gwaggo."

Ta nemo fayil mai lambar injin. Ta zare igiyar batir, ta ɗora bakin hantsaki a kan wasu ɗigo biyu na tagulla da ke jikin injin, ta ce Asma'u ta soka kebul. Shiru. Ashe hantsakin ne ya zame. Shahida ta gyara shi, suka sake. Kwamfuta ta yi ƙara, jan layi ya bayyana a ƙasan allo, rawaya ya biyo yana tafiya kamar ba zai kai ba. Dela ta tambaya ko hotunan yarinyar ne ke zuba cikin kwamfutar. Shahida ta juya mata allon sosai, ta nuna mata cewa abu shiga yake yi, ba fita ba.

Da aka mayar da batir, wayar ta girgiza, tambari ya fito, ya daɗe, sannan ya wuce.

"To ta tashi," in ji Dela. "Saura a faɗa mini inda nata injin yake."

Shahida ta dubi Asma'u. Tun da ta karanta kwanan watan, yarinyar ba ta sake ɗaga ido ba, tana ta murɗa bakin mayafi. Shahida ta gane ta tuna wani abu, kuma abin ba mai daɗi ba ne. Kalma ɗaya za ta tambaye ta, sunanta ya wanku. Ta haɗiye tambayar, ta shiga ɗaure sukuru.

"Ni dai ban buɗe ta ba sai yau, Gwaggo. Iyakar abin da na sani ke nan."

Dela ta miƙe tana gyara lulluɓi. "Za a ji a gari."

Har ta kai bakin zaure Asma'u ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo, injina ne. Jikin ne ba nawa ba. Bara da ta faɗi a dutse ta lanƙwashe, Yaya Ashiru ya karɓa. Ya rantse mini a gabansa za a canja gilashi, ba za ta bar hannunsa ba. Sai bayan kwana biyu ya dawo da ita tana ƙyalli, ya ce a ofis ya manta ta. Ashe a shago ta kwana, aka sake mata jiki gaba ɗaya."

Dela ta juyo. "Shagon wa?"

"Ban sani ba."

"Da hotunan lallenki a ciki?"

Asma'u ta gyaɗa kai, hawaye ya zubo.

Dela ta dawo ta zauna, wannan karon a kan tabarma.

"Malama, ki yafe mini. Gidajen da na shiga jiya da wannan magana, zan sake shigarsu kafin in koma Roni."

"Ba komai, Gwaggo. Sai dai in kin shiga, ki tsaya a kan cewa waya ta tashi kuma injinta ne. Sauran na cikin gidanku ne."

"Sauran ni da Ashiru ne," in ji Dela. Ta miƙa wa Asma'u hannu. "Ba ni wayar. Faɗa wa Malama lambarsa ta sa mini."