Ranar da Aka Shimfiɗa wa Asibi Tabarma

Aikin uwar makaranta aikin ƙafa ne, ƙafafun Asibi kuwa sun riga sun ga duniya. Tun da aka fara ɗaukar 'yan mata a elemantaren Garun Sajo, wani ɗan gari a kan hanyar Kabo zuwa Gwarzo, kullum da sassafe sai ta yafa mayafi ta bi lungu-lungu tana tattaro 'ya'yan mutane. Ta kora su makaranta, ta zauna a bayan aji tana gadinsu, in an tashi ta mai da kowace ɗakin uwarta. A kan wannan hukumar En'e ke ba ta ɗan abin da ba ya kai ta ƙarshen wata.

Da can kitso take yi, kuma kitson ne ya ja mata. Dagaci ya duba ya ga namiji ba ya wuce zaure, ita kuwa babu yarinyar garin da kanta bai kwanta a cinyarta ba. Ta san gidan da ke da 'ya'ya mata, ta san wadda ta yi famfara ta isa karatu. Sai ya kira ta ya ce mata an ɗaukaka ta. Ɗaukakar ke nan da ta raba ta da mutane. A da in ta yi sallama da goro ake tarar ta, a zazzage mata labari: wa ta haihu, rijiyar wa ta rufta, yaya gyaɗa ta yi a kasuwar Kabo. Yanzu kuwa tana buɗe baki sai ta ji gudu a tsakar gida, an cusa yarinya a rumbu, ko an lulluɓe ta da zane a ce masassara ce. Labarin gari ma ba ya zuwa kunnenta sai ya kwana ya yi tsami.

Gida ɗaya ya rage mata a garin nan, gidan Inno.

Inno Bafillatana ce, cikin waɗanda shanunsu suka ƙare suka zauna suka kama fartanya. Asibi kuwa jikar Barebari ce, ga zanen nan a kumatunta. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, su biyun nan kuwa tun suna amare suka mai da shi abincinsu. Ba a taɓa shimfiɗa wa Asibi tabarma a gidan ba. Akwai wani tsohon turmi da ya tsage, a kife kusa da murhu, shi ne kujerarta.

"Wa nake ji kamar baiwata?" in ji Inno duk sanda ta ji takunta.

"Baiwarki tana Barno tana jiran ki, mai ƙafar sillen kara."

"Zo ki izo mini wuta, Babarbariya, kafin in sayar da ke in sayi kanwa."

"Wa zai sayi baiwa a hannun Bafillatanar da ko akuya ba ta da ita?"

Sai su yi dariya har tari ya sarƙe Inno. Wannan zagin shi kaɗai ke sauke wa Asibi gajiyar yini, don a duk garin nan babu sauran mai zaginta da ƙauna.

Sanyin ƙashi ya ɗaure wa Inno gwiwoyi, daga ɗaki zuwa murhu da jan jiki take zuwa. Ɗanta Bappa ya tafi cin rani kudu, shiru kake ji, ya bar mata 'yarsa Raliya, marainiya. Daga zaune Inno ke dakan fura, Raliya ta ɗauki ƙwarya da hantsi ta kai bakin hanya, inda motocin gyaɗa da masu jakuna ke tsayawa shan ruwa. Abin da ta samo shi ne tuwon dare. Hantsin nan kuwa shi ne daidai lokacin makaranta. Asibi ta san haka, shi ya sa tun farko ta ce wa dagaci yarinyar baƙuwa ce, iyayenta suna ruga, da zarar shanu sun dawo za su zo su ɗauke ta. Shanu suka dawo suka koma, suka sake dawowa, baƙuwa tana nan.

Makarantar ɗaki ɗaya ce ta jar ƙasa, da guntun ƙarfen mota a rataye jikin tsamiya wanda ake bugawa a madadin ƙararrawa. Maza a dama, mata a hagu, suna rera ɗaya sau ɗaya da muryar waɗanda aka tasa daga barci. Asibi tana baya a kan buzu da mazarinta, tana kaɗi tana gyangyaɗi. Malamin, Malam Ja'afaru, ɗan birni ne da aka jefo ƙauye. Bai tsufa ba, amma ya iya tagumi irin na dattawa. A 'yan watannin nan bencin mata sai raguwa yake yi. Wata iyayenta sun yi ƙaura ƙasar Katsina don dai a rabu da boko, wata ƙyanda ta kwantar da ita, wata kuma an ce ta je wankan jegon yayarta a Sabon Birni, jegon da ya ƙi ƙarewa.

Wata rana da aka fita shan iska ya zo ya tsuguna kusa da buzunta.

"Inna Asibi, sannu da ƙoƙari. Jiya dogari ya zo daga Gwarzo. Baturiyar makaranta za ta zo rangadi. Hakimi ya ce in ta tarar da bencin nan haka, dagaci ya nemi inda zai ajiye rawaninsa."

"To Malam, haifo su zan yi?"

"Ni ma ba ni na ƙago boko ba, Inna. Daga sama abin ke gangarowa, a kan na ƙasa yake tsayawa."

Ya miƙe ya karkaɗe alli daga hannun rigarsa ya je ya bugi ƙarfe. Ta bi shi da kallo, ta rasa ma wanda za ta ji wa haushi.

A makon nan aka yi suna a unguwar maƙera, Asibi ta je don kada a ce ba ta zo ba. Mata suna ta hira, tana zama aka yi tsit. Dela ce ta fasa shirun, wadda 'ya'yanta biyu ke makaranta, ƙosanta kuma ya rasa mai talla.

"Uwar Makaranta, ina baƙuwarku? Har yau shanun ba su iso ba?"

"Dela, taron suna muka zo."

"Ai sunan nake tambaya. Mu namu 'ya'yan daga sama suka faɗo, ba su da iyayen da ke son su? Kullum ina ganin ta da ƙwarya a ka, nawa kuwa suna can suna zane a allon Nasara. In za a yi shari'a a yi ta bai ɗaya."

Babu wadda ta ce Dela ta yi ƙarya. Asibi ma a ranta ta san ba ta yi ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Magana ta bi mijin Dela ta isa zauren dagaci. Washegari da la'asar aka aiko kiran Asibi. Ta tuɓe takalma ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe."

"Asibi, baƙon da ya ga kaka ya ga bazara ya sake ganin kaka, ai ɗan gari ne." Dagacin bai ɗaga murya ba, shi ma da ganin idonsa bai yi barcin kirki ba. "Na daɗe da sani, na kau da kai saboda halin da tsohuwar nan take ciki. Yanzu an kawo mini magana a gaban jama'a, ga Gwarzo a wuyana. Gobe yarinyar ta kasance a benci."

"Ranka ya daɗe, ita ce ƙafar kakarta. In an ɗauke ta me za su ci?"

"Allah ke ciyarwa. Ko ki kawo ta da hannunki, ko in sa dogarin nan ya shiga ya fito da ita. Zaɓi ya rage naki."

Ta so ta ce ta ajiye aikin. Amma ko ta ajiye, dogari dai zai shiga, ya keta gidan gurguwar tsohuwa unguwa tana kallo. Ta ce, "Na ji, ranka ya daɗe," ta ja takalmanta.

Daga nan gidan Inno ta nufa da niyyar ta faɗa mata. Ta tarar da ita tana tankaɗe, Raliya tana wanke ludaya.

"Ga baiwata ta dawo daga bautar Nasara. Me aka ba ki yau, ƙashin kaza?"

Asibi ta zauna a kan turminta. Maganar tana bakinta, ta juya ta, ta sake juya ta, ta ƙi fitowa. Ta ga yadda Inno ke dariya da 'yan haƙoranta, sai kwaɗayin wannan yammacin ya kama ta, ta ce bari dai ta ƙara shan sa ko sau ɗaya. Ta rama zagin, ta izo wuta, ta sha fura. Da magariba ta kawo kai ta tashi ba ta ce komai ba.

Amma labari a Garun Sajo ba ya jiran uwar makaranta. Ko kafin a yi lisha wata ta leƙa ta katanga ta kai wa Inno shi da ɗuminsa, har da cewa Asibi ta fito daga zauren dagaci ne ta zo ta sha mata fura.

Da safe sai da Asibi ta gama zaga sauran gidaje sannan ta zo gidan Inno. Ta tsayar da sauran yaran a ƙofa ta yi sallama.

"Amin, alaikumus salam. Maraba, shigo."

Muryar Inno ce, amma Asibi ba ta taɓa jin ta haka ba. A tsakar gida an share, an shimfiɗa sabuwar tabarma, wadda ake ajiyewa saman gado saboda baƙi. Ga ruwa a kwanon sha mai murfi. Raliya tana tsaye an yi mata wanka, an ɗaura mata zanen sallarta, idanunta sun kumbura. Ƙwaryar fura tana gefe a rufe da faifai.

"Ina kwana, Uwar Makaranta. An tashi lafiya? Ina gajiya? Yaya aiki?"

"Inno..."

"Bismilla, ga tabarma. Raliya, miƙa wa baƙuwa ruwa."

Asibi ta dubi wajen murhu. Turmin yana nan, an ɗora masa tukunya. Ta tsaya a tsaye, ta kasa zama a tabarmar, ta kasa kuma cewa a sauke tukunyar.

"Wallahi dogari aka ce za a turo miki. Na ga gara ni."

"Ai kin kyauta. Allah ya saka da alheri. Ga ta nan, ba sai an sha wahala ba."

Da Inno ta yi ihu, ta tsine mata, ta jefe ta da muciya, da Asibi ta san yadda za ta yi. Wannan ladabin ne ba ta da maganinsa. Ta kama hannun Raliya suka fita.

A aji Malam Ja'afaru ya ba yarinyar allo da ɗan guntun fensir, ya ce madalla, ya koma kan ɗaya sau ɗaya. Raliya ta riƙe allon kamar faifai. Da hantsi ya ɗaga aka ji ƙugin motar gyaɗa ta tsaya a bakin hanya, sai yarinyar ta zabura ta miƙe, sannan ta tuna inda take ta koma ta zauna. Asibi tana baya, mazari a hannu, ko zare ɗaya ba ta ja ba ranar.

Bayan azahar ta rarraba yara gidajensu, ta kawo Raliya. Ƙwaryar tana inda take tun safe, ƙudaje suna zagaya faifan. Motoci sun wuce, masu jakuna sun wuce. Asibi ta naɗe gammo ta sunkuya za ta ɗauka.

"Bari in zaga da ita cikin gari, ko Allah zai sa a samu na tuwo."

"Haba, Uwar Makaranta, ajiye. Wane mu da aiken ma'aikaciyar En'e."

Asibi ta ajiye. Ƙafafunta suna zugi. Ta tattaro ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ƙaƙalo murmushi, ta jefa abu ɗaya da ta sani.

"Ke dai Bafillatanar da ko akuya ba ta da ita, har kin samu bakin hana baiwarki aiki?"

Ta tsaya tana jira. Raliya ma ta ɗago kai tana duban kakarta. Inno ta gyara zaman ɗankwalinta, ta dubi Asibi ido cikin ido, babu fushi a fuskarta ko kaɗan.

"Gaskiyarki, ba ni da ita," in ji ta. "A sauka lafiya, a gai da gida. Gobe in kin zo ba sai kin shigo ba, za ki same ta a zaure a shirye."