Finjalin da Inna Wadha Ta Ajiye

Ranar da muka yi zaman makokin uwar mijina, Inna Wadha, wata mata ta ce, “Allah sarki, baiwar Allah mai haƙuri.” Saura kaɗan in ƙware da gahawa. Shekara talatin da ɗaya na zauna da ita a ƙauyenmu na cikin hamada, gabas da garin Ma’an, kuma in dai tana da haƙuri, a turke ta ƙarar da shi. Goɗiyarta Sabha ke fara cin dabino, mu a miƙo mana ragowa. Tana iya jero kakannin Sabha har goma sha biyu, amma jikokinta sai ta ce, “Kai, wane, ɗan wannan yarinyar.” Duk da haka ina kewarta, har abin yana ba ni haushi.

Mijina Za’al mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ya fi kansa sauri. Wata safiya, Inna tana da shekara tamanin ko kusa, Hajji Dugaim ya iso da mutum shida daga ƙauyensu. Aka zuba masa gahawa, ya karɓi finjalin ya ajiye a ƙasa bai kurɓa ba. Kowa ya san baƙon da ya yi haka da roƙo ya zo, kuma ba zai sha ba sai an biya masa buƙata. Mai hankali yakan fara jin roƙon. Za’al kuwa ya ga idon mutane a kansa, ya bugi ƙirji.

“Sha gahawarka, Baffa! Ko me ka zo nema ka samu.”

Dugaim ya shanye tas, ya goge gemu, ya ce, “Sabha.”

Ina bayan labule, a kunnena aka yi. Maganar da aka faɗa a kan gahawa ba ta janyuwa, in ba so kake a riƙa nuna jikokinka da baki a kasuwa ba. Kafin azahar an kwance goɗiyar.

Na ɗauka Inna za ta tsine wa Za’al. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta je turken ta tsaya, ta tsince gashin wutsiya guda biyu da suka maƙale a igiya, ta ƙulle a bakin mayafi. A ranar na fara ganin tsufanta, kuma na ji tsoro. Washegari ta sa baƙar rigarta ta zuwa biki, ta ce da ni, “Ke, ɗauko sandata. Za ki raka ni unguwa.” Muka hau bayan motar mai kai tumaki.

Da muka isa gidan Dugaim, kai tsaye ta wuce zauren maza ta zauna a kan kilishin manyan baƙi. Dugaim ya yi tsuru-tsuru. Ya tambayi lafiya, ya tambayi ruwan sama, ya tambayi ƙafarta, duk don kada a kai ga gahawa.

“Ɗan Falha,” ta ce, tana kiransa da sunan uwarsa, “gidan ubanka an daina hura wuta ne? Ko in koma in faɗa?”

Dole ya sa aka zuba. Ta karɓa, ta ajiye a ƙasa. Ya dubi finjalin kamar an ajiye masa kunama.

“Ummu Za’al, ki ji tsoron Allah. Ɗanki ne ya ba ni, a gaban shaidu.”

“Wa ya ce maka goɗiya na zo karɓa? In kunyata ɗana? Sakarai ne, amma ni na haife shi.”

Sai ga Dugaim ya washe baki. “To ai shi ke nan! Sha gahawarki, kin samu.”

Ta shanye, ta girgiza finjalin, alamar ya ishe ta. “Ɗaki nake so kusa da turke. Inda Sabha take, nan nake.”

Ni kaɗai na dawo gida.

Wata biyar ta yi a can. Labari yana zuwa mana ta bakin masu tallar gishiri. Ta ce hatsin sha’ir da suke ba dawaki duk tsakuwa ne, ta zaunar da matan gidan suna tsincewa. Ta hana a ɗaura wa Sabha sirdi, wai bayanta bai saba da mazan banza ba. Nonon raƙumar da ake tatsar wa Hajji saboda ciwon sukarinsa ya koma bokitin goɗiya. In ya yi baƙi, takan shigo ta gyara masa labarin yaƙin kakansa, ta ce ita ta ji daga waɗanda suka ga gudunsa. Kuma ba dama ya ce tak, baƙuwa ce, da bakinsa ya ba ta ɗakin.

Wata la’asar sai ga shi a zaurenmu shi kaɗai, ya faɗa, rawaninsa a karkace. Aka zuba masa, ya ajiye finjalin. Za’al ya buɗe baki, na yi gyaran murya daga bayan labule, ya rufe.

“Sai na ji tukuna, Baffa.”

“Na ba uwarka goɗiyar, halak malak, ga shaidu a gida. Don girman Allah, ɗana, ka zo ka ɗauki baƙuwata.”

“Sha gahawarka,” in ji Za’al, a hankali wannan karon.

Muka je da mota. Inna ta leƙa motar ta ce Sabha ba tunkiya ba ce. Aka ɗora ta a kan goɗiyar, ta miƙa wa Za’al igiya. Mutum mai shekara hamsin da biyar, da tumbi, ya ja su a ƙasa tun hantsi har bayan la’asar, ni ina binsu a mota kamar mai rakiyar amarya. Takalminsa ya tsinke a rabin hanya. Duk ƙauyen da muka ratsa sai an fito kallo, ita kuwa tana gaisawa da mutane ɗaya bayan ɗaya.

A ƙofar gida ya sauke ta, yana haki. Ta riƙe kafaɗarsa ta daɗe ba ta saki ba, sannan ta kwance mayafinta ta share masa gumi.

“Ka auna da ƙafarka, ko?” ta ce. “Nisan ‘sha gahawarka’ ke nan. Je ka ba ta ruwa kafin ka zauna.”