Wasan Bankwanan Kaftin Lutfi

A Kafr Sallam duk wanda ya taɓa dukan ƙwallo a gaban jama'a Kaftin ne har kabari, don haka kiran Lutfi Mallah da Kaftin bai ƙara masa komai ba. Mai facin taya na bakin tasha ma da shi ake kiransa. Abin da Lutfi yake so shi ne wasan bankwana, irin wanda ake shirya wa ɗan wasan da ya tsufa a kulob ɗaya: a cika fili, ya ɗan yi guje-guje, alƙalin wasa ya ƙirƙiro masa fenareti, gola ya faɗi can wani gefe, sannan a ɗauke shi a kafaɗa a zaga da shi yana kuka. Ya ga an yi wa waɗanda ba su kai shi ba. Shi kuwa da ya ƙarar da gwiwoyinsa yana tsaron baya a kulob ɗin masaƙar garin, ranar da ya ajiye takalmi da musabaha aka sallame shi, sai kwalin sabulu.

Daga baya masaƙar ta rufe, waɗanda suka san wasansa wasu suka mutu, wasu suka tafi ci-rani Kuwait. Garin ya cika da baƙi da dogayen gidaje, Lutfi ya koma matsar ruwan rake a wani ɗan shago bayan tasha.

Sunan nasa kuma ba nasa ne shi kaɗai ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Akwai wani Lutfi Mallah, ɗan wasan gaba, sa'ansa ne, wanda ya yi tashe a Alƙahira har ya sa rigar ƙasa. Akwai kuma na uku a Iskandariya, mai ɗaga ƙarfe, wanda aka taɓa kamawa da ƙwaya a jini. Lokacin da na Alƙahira yake zuba ƙwallaye ba wanda ya taɓa kuskuren kawo wa namu tukwici. Amma ranar da rediyo ta faɗi labarin ƙwayar, surukarsa da kanta ta zo ta birkice masa kabad.

Wata rana da hantsi wata baƙar mota ta toshe ƙofar shagon. Hajji Mitwalli Shaddad ne, dillalin tayil, sabon shugaban kulob, wanda kuma yake neman kujerar majalisa. Ya rungume Lutfi ya sumbace shi a kumatu biyu, har ya yarda rigarsa ta taɓa injin rake.

"Kaftin, an zalunce ka. Wallahi ban yi barci ba da na ji. Juma'a ta sama za mu yi maka bankwana, irin wanda za a daɗe ana labari."

Murna ce tsantsa ta kama Lutfi, har ya rasa inda zai sa hannunsa. "Ya Basha, ranka ya daɗe, ni? Ka taɓa ganin wasana?"

"Wa bai san Lutfi Mallah ba?" in ji Hajji, yana duba agogo.

Kafin kwana biyu an manne garin da fasta. Sunan Lutfi ga shi nan da jan rubutu, kowane harafi ya kai tafin hannu, sai dai hoton da ke jiki na Hajji ne, yana murmushi ya rungume ƙwallo. Sa'diyya matar Lutfi ta ɓallo ɗaya ta kawo gida ta shimfiɗa a kan tabarmar cin abinci, kusa da kwanon wake.

"Abu Samah, ina fuskarka?"

"Tawada ta yi tsada, Ummu Samah."

"Tasa fuskar da ruwan famfo aka buga ta? A kasuwa cewa ake na Alƙahira ne zai zo. Mai kifi har tambayata ta yi ko danginmu ne, na samo mata tikiti."

"Mutane ba sa rasa abin faɗa."

"Kai ma ka sani, ba sai na faɗa maka ba. Ka je ka ce a sa hotonka, ko ka ce ka fasa."

Ya sani ɗin. Amma ya gaya wa kansa cewa da zarar ya fito fili za a gane shi, ai wani tsoho zai tashi ya ce wannan namu ne, kuma ko mutum ashirin suka tafa masa saboda shi kansa, ya wadatar. Sai ya tafi wurin mai aski aka rina masa gashi baƙi wuluk, aka aske gemun da aka san shi da shi a bakin injin rake. Da ya dawo, Sa'diyya ta dube shi ta ce ko ita sai da ta nemi mayafi, ta zaci baƙo ne.

Ranar Juma'a bayan la'asar fili ya cika maƙil. Hajji ya ɗebo matasa daga ƙauyuka a motocin haya, kowa da robar koshari, wato dafa-dukar shinkafa da taliya, da hula mai hotonsa. Yawancinsu ba a haife su ba lokacin da na Alƙahira yake wasa, sunan kawai suka gada daga bakin iyaye. 'Yan tsofaffin garin da suka san gaskiya an jera musu kujeru a inuwa, ana ta cika musu kofi da shayi, su kuwa suka ga ba a kan wannan za su ɓata da mai tayil ba.

A ɗakin sa kaya Lutfi ya tarar da Hilmi, tsohon golan masaƙa, wanda aka ɗauko don ya faɗi a lokacin fenareti. Hilmi yana ta fama da safar hannu, ya ƙi ɗago kai.

"Hilmi, kai ma ka ji abin da ake faɗa?"

"Ni an ce na faɗi hagu, zan faɗi hagu. Ka buga ta damata don Allah, bayana ba zai ɗauki faɗuwa biyu ba."

Lutfi ya fito yana ɗingishi, tumbi a gaba, yana jiran fili ya yi tsit, ko a fara jifa da robobi. Sai ga shi an ɗauki tafi kamar ana sheƙa ruwan sama. Ya ji wani a bakin wayar shinge yana cewa, "Kai, duniya. Dubi yadda ya lalace." Na kusa da shi ya ce, "Amma tafiyar tana nan, tafiyar manya." Ba wanda ya yi shakka. Sun zo ganin Lutfi Mallah, an nuna musu tsoho mai baƙin gashi, sun karɓa.

Kafin a take wasa Hajji ya riƙe makirufo ya yi dogon bayani a kan kwalbatoci da hasken titi. Daga nan ya jawo Lutfi kusa. "Yanzu Kaftin zai ba mu labarin ƙwallon nan ta minti na ƙarshe, wadda ya ci a Alƙahira ƙasa duka ta fito titi." Ya miƙa masa makirufon yana matse masa hannu, matsa mai ma'ana.

Lutfi ya dubi dubban fuskokin nan cikin kunya da baƙin ciki. Ya ce, "Jama'a, ni ban ci wannan ƙwallo ba." Muryarsa ta dawo masa daga lasifika. "Ban taɓa cin ƙwallo ba ma. Ni mai tsaron baya ne, a nan filin na yi wasana, a kulob ɗin masaƙa. Ba kowa ba ne ni, ruwan rake nake sayarwa a bayan tasha."

Hajji ya fizge makirufon, ya dafa ƙirji. "Kun ji tawali'u? Ya ce ba shi ya ci ba, Allah ne ya ci. Ya ce shi ba kowa ba ne. 'Yan wasan yanzu su zo su koya."

Fili ya ɗauki kabbara. Wani mai rawani har share hawaye yake yi. Lutfi ya buɗe baki zai ƙara, amma an riga an saki ganguna.

Wasan bai yi nisa ba wani ya faɗi shi kaɗai a gaban raga, alƙali ya busa fenareti. Aka ajiye wa Lutfi ƙwallo. Bai ma ja da baya ba Hilmi ya fara sunkuyawa a hankali, ya dafa ƙasa, ya kwanta a hagu ya gyara kwanciya. Lutfi ya tura ƙwallo ta daman Hilmi, ta gangara ta shiga. Ƙwallonsa ta farko ke nan a duniya, ya kuma ji duk fili yana rera waƙar da aka yi wa wancan.

Matasa suka ɓalle waya suka kwararo, suka ɗaga shi sama. Daga can kan kafaɗu ya shiga neman fuskar da ta san shi. Tsofaffin suna duban kofunansu. Hilmi yana ƙoƙarin tashi, ba mai kama shi. Sai Sa'diyya ya hango a layin mata, hannuwanta a cinya, tana kallonsa. Hawayen da ya daɗe yana tanadi saboda wannan rana suka zo, jama'a kuwa suka ƙara tafi, saboda abin da ake so a ga Kaftin ya yi ke nan.

Saurayin da wuyansa yake tsakanin cinyoyin Lutfi ya ɗago kai yana haki, fuskarsa cike da ƙauna ta gaskiya.

"Kaftin, don Allah raba mana gardama. Babana ya rasu yana rantsuwa da ƙafar hagu ka ci ta, kawuna ya ce da dama."

Lutfi ya daɗe yana kallon ƙeyar saurayin, gumi yana gangarowa a kai. Sun zaga har sun wuce inda Sa'diyya take.

"Babanka ne da gaskiya," in ji shi. "Da hagu."