Taken Habu a Kasuwar Dutsi

Gangar Mani ta tsage ana gab da noman farko. Ba fata ce ta yage ba, balle ya ce zai sake ta kafin yamma. Kangon ne kansa, icen da ya gada wurin ubansa, ya buɗe tun daga baki har ciki. Makaɗin noma ba ganga a bakin damina, ai abin tausayi ne. Ranar kasuwa ya ɗauki gularsa ta kaɗa ganga ya bar Matankari da sassafe, ya nufi Dogon Dutsi wurin Ɗantala masassaƙi.

A Matankari an san Mani da kiɗa ɗaya, taken Habu. Habu manomi ne da in ya kama hauya a gayya sai dai saura su bi bayansa suna haki. Take kuwa ba kiɗan kowa ba ne. Na mutum guda ne, ba a kaɗa shi sai mai shi yana wurin, shi kuma in ya ji dole ya fito ya yi kyauta. Shekarar da Nasara suka kwashi samari zuwa yaƙin Jamus, har da Habu aka tafi. Ran nan uwarsa Ma'u ta zo ƙofar gidan Mani ta ce, "Kak ka ƙara kaɗa shi sai ranar da yad dawo. In na ji shi, in san ɗana ya iso." Mani ya dafa ganga ya rantse. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, bai taɓa ba. Ba shi da doki, gonarsa ma ba ta a zo a gani ba ce. Abin da yake taƙama da shi a garin shi ne a ce Mani ya riƙe alkawarin tsohuwa.

Ya tarar da Ɗantala a rumfarsa tsakanin turame da akusa, ga ganguna a jingine. Suka gaisa, Ɗantala ya miƙo wadda ta fi ado, an yi mata rataya da jar fata.

"Wagga ita ta taka. Sarki ma ya so ta, nih hana."

Mani bai dubi adon ba. Ya ƙwanƙwasa kangon da ɗan yatsa, ya kai hanci ya sansana. "Ɗanyen ice na. Rani na yi ta buɗe baki."

Ta biyu ya juya ta a rana, ya ga wani siririn layi da aka shafe da baƙin tukunya. Ya sa farce ya kankare, sai ga ƙaro an cusa a tsaga. Ɗantala ko a jikinsa. Masassaƙin da aka kama da ƙaro ba ya jin kunya, dariya yake yi ya ce gwada idonka yake. Ya shiga ƙuryar rumfa ya jawo wata daga ƙarƙashin tabarma, mummuna, ba ado ko kaɗan.

Tun daga ɗagawa Mani ya san an zo wurin. Icen alilliba ne busasshe, ba nauyi. Ya bi bakin da tafin hannu, sumul, babu inda zai ci fata. Fatar akuya ce, kaurinta ɗaya ko'ina, an ja igiyoyin daidai babu wadda ta saki. Ya rataya ta, ya taɓa kiɗan gayya na kowa da kowa, ta amsa da kyau. Amma kowace ganga tana amsa wannan. Ba a sanin ta gaske sai a kiɗan da ke tashi daga tsakiyar fata ya koma baki da sauri, inda ta banza take shaƙewa. Cikin duk abin da hannun Mani ya iya, taken Habu kaɗai ke da wannan hawa.

"An ce hannunka ya mutu tun da anka tahi da yaron nan," in ji Ɗantala yana sakace haƙori. "Kiɗin 'yan mata kaɗai kaka yi yanzu."

Mani ya waiga hagu da dama. Fulani da ƙoren nono, fatake, wani gardin bariki, dogarin Nasara, yana cinikin taba. Babu fuskar da ya sani. Matankari tana can nesa. Ya ce a ransa kaɗan zai taɓa taken, ya ji muryarta kawai.

Gangar ta ɗauka. Ta hau inda yake tsoro ba ta shaƙe ba, ta sauko da kauri har ya ji ta a haƙarƙarinsa. Daɗi ya kwashe shi, ya manta da maganar kaɗan. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, mutane suka fara taruwa, shi kuwa har da lumshe ido.

Da ya buɗe idon, taron ne ya ga yana darewa. Ma'u ce tafe da gudu, irin gudun tsofaffi mai ban tausayi, kallabi ya zame, ba takalmi. Bayanta Asiya maƙwabciyarta tana riƙe da faifan daddawar tsohuwar tana kiranta ta tsaya. Gula ta tsaya a hannun Mani.

Ma'u ba ta dube shi ba. Bayansa ta duba, ta leƙa bayan turame, ta bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Wani dogo yana tsaye ya ba da baya, ta kama hannun rigarsa ta juyo shi. Ba shi ba ne.

"Kowace kasuwa nan taka zuwa da ƙahwa," Asiya ta ce wa Mani a hankali, tana haki. "Nan motar soja ka tsayawa. Ba ka sani ba?"

Bai sani ba, domin bai taɓa tambaya ba. Yana ta yawo da alkawarinta a baki, bai san inda take yini ba.

Sai a lokacin Ma'u ta juyo gare shi. "Ina shi ke?"

"Inna..." Mani ya sunkuyar da kai. "Ganga nika gwadi."

Ɗantala ya ɗauki gizago ya hau sassaƙar turmin da ya riga ya gama. Kunya ta rufe Mani tun daga kai har ƙafa. Ya so ta zage shi, ta tsine masa gaban kasuwa, ko ta kai masa mari. Da hakan ya fi masa sauƙi.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tsaya har numfashinta ya dawo, ta gyara kallabi. Ta karɓi faifan daga hannun Asiya, ta zaɓi dunƙulen daddawa mafi girma, ta miƙa masa.

"Amshi."

"Inna, don Allah."

"An kaɗa taken ɗana gaban baƙi. Ba a cewa an yi ma Habu kiɗi anka tashi hannu banza. Amshi."

Makaɗi ba ya mayar da kyauta, zagi ne ga mai taken. Mani ya durƙusa da ganga a kafaɗa, ya tara hannu biyu. Daddawar ta sha rana, da ɗumi. Ya yi zaton an gama, amma tsohuwar ba ta motsa ba. Ta san aikin makaɗa kamar yadda ya sani: wanda aka yi wa kyauta sai ya ɗaga ta ya shaida wa jama'a.

"Hwaɗi mana," ta ce. "Ko ka mance yadda aka yi?"

Ya miƙe, ya ɗaga dunƙulen sama.

"Jama'a," ya ce, muryar da ƙyar ta fita, "Habu na Ma'u ya yi kyauta."

"Ban ji ba," in ji Ma'u. "Ɗaga murya."