Majayin da Ya Tsinke

A cikin buhu aka kawo mata shi, kwana tara bayan faɗuwar Auta. Mai bargar da Auta yake wa aiki ne ya kawo da kansa. Ya ajiye a bakin ƙofar shago, ya tsaya yana murza hannuwa.

"Yaya, na ce gara ki gani da idonki. Mutane suna ta surutu."

Kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta, don kuwa haka suka ji ƙanenta Auta yana kiranta. Shekara ashirin da wani abu tana wannan ɗan shagon na bayan kasuwa, tana saƙa majayi, ɗamarar da ke riƙe sirdi a jikin doki, tana kuma ɗinka zubka, shimfiɗar da ake sawa ƙarƙashin sirdi don kada ya ci bayan dabba. Auduga da ulu kaɗai take aiki da su. Auta kuwa sana'arsa horar da dawakan mutane. Ranar da abin ya faru yana kan wata goɗiya sabuwar hawa, ta zabura, majayi ya tsinke, sirdi ya juye da shi, ya faɗi da baya a kan bakin kwamin ruwa. Likita ya ce daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai abin da Allah ya yi.

Ta zazzage buhun a kan tebur. Saƙarta ce, ba ta bukatar a gaya mata. Ga shuɗin zaren da take ratsawa a gefe. Ta lanƙwasa shi, ta ji ya ƙame kamar busasshiyar fata. Gishirin gumi ya yi masa fari-fari, cikin saƙar kuma ya yi baƙi, yana warin ruma. Ta sa farce ta ja zare ɗaya, ya rabu ba tare da ta yi ƙarfi ba.

"An taɓa wanke shi?"

"Kin san Auta, ba ya barin kowa ya taɓa masa kaya."

"Ina yake ajiye shi?"

"A leda, cikin akwatin ƙarfe. Wai saboda ɓera."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗan tsaya tana jira ta ji wani abu, ko fushi, ko sanyi a rai, ko kuka. Ba abin da ya zo. Sai ma ta lura ƙuda ya faɗa cikin shayinta.

"Ashe ba daga wurinki ba ne," in ji mai barga. "Bari in je in faɗa musu."

"Kada ka faɗa wa kowa komai, Malam. In ka ce ba laifina ba ne, ka ce nasa ne ke nan. Ka bar shi ya ji da abu ɗaya."

Ta mayar da majayin cikin buhu, ta tura ƙarƙashin benci.

Wajen hantsi wata mata mai gona ta shigo, riƙe da zubkar soso irin ta kanti, mai rufin roba. Ta ce dokinta ya yi miki a gadon baya, da ta ɗora sirdi sai ya riƙa dukan ƙasa.

Yaya ta juya zubkar. Bakinta ya kama bayani shi kaɗai, kamar rediyon da aka manta a kunne. Soso ba ya shan gumi, tara shi yake yi har fata ta dahu. Ulu yana sha, yana kuma barin iska ta ratsa. Ta sauko da zubkar ulu guda uku, ta ce matar ta matse kowacce a tafin hannu. Wadda ta koma yadda take da an sake ta, ita ce ta kirki. Ta ce a bar dokin ya huta har mikin ya rufe. Bayan kowane hawa a kife zubkar a inuwa, in ta bushe a kakkaɓe, a bi ta da buroshi. Wanki sai da ruwan sanyi, ruwan zafi yana sa ta takure.

Matar ta zaɓi mai kauri. Ta ɗauki wani majayi daga rataye, ta shafa, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, kada ki ji haushina. Na ji an ce wanda ya tsinke da ƙanenki, na nan ne?"

"Na nan ne."

Matar ta mayar da shi kan ƙusa a hankali, ta ce sai wani zuwan. Yaya ta naɗe mata zubkar, ta ce a gaida gida.

Da la'asar ta je gidan Auta. An shigo da gadonsa falo don ya riƙa ganin mutane. Katifar soso ce, an lulluɓe ta da leda saboda fitsari, zanin gado a kai. Matarsa ta ce, "Yaya, kama min mu juya shi, lokaci ya yi."

Suka juya shi. A ƙasan bayansa, daidai inda ƙashi ya fi tasowa, fatar ta yi ja, tana sheƙi, faɗin tafin hannu. Yaya ta ga irin wannan sau ɗari, sai dai a bayan dawaki. Ta buɗe yatsu ta shiga auna bayansa, taƙi ɗaya, biyu, uku da rabi.

"Yaya, sirdi za ki ɗora min?" in ji Auta, fuskarsa a bango. "Ki bari in ci dusa tukuna."

Matarsa ta yi dariya, dariyar ta sarƙe ta, ta fita da kwanon ruwa.

Can ya ce, "An kai miki shi, ko?"

"An kai."

"Kin gani ke nan."

"Na gani."

"Sau nawa kika ce in kawo ki wanke min?"

"Ban ƙirga ba."

Kafaɗunsa suka fara rawa. Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa, inda gashi ya kwanta saboda matashi. Ta san ya kamata ta dafa shi, ta dafa shi. Hannun ya zauna a wurin kamar na wani.

Kwana uku ba ta buɗe wa kowa shago ba. Ta zaɓi ulun da ya fi laushi cikin abin da ke gare ta, ta wanke, ta shanya a inuwa, ta tsefe shi sau biyu tana tsince ƙaya da haki. Ta shimfiɗa hawa huɗu, ta rufe da farar auduga, ta bi da ɗinki layi-layi don kada ya dunƙule. Ba ta taɓa yin zubka mai tsawon wannan ba. Tana yi tana cin burodin da ba ta jin ɗanɗanonsa.

Ranar da ta kai, ta tarar da nas ɗin da ke zuwa wanke masa jiki. Nas ta matsa shimfiɗar, ta ce ba laifi, a sa, amma kada a daina juya shi bayan kowace awa biyu. Su uku suka ɗaga shi suka zura masa ita.

"Yaya ka ji?" in ji matarsa.

"Me zan ji?" Ya zura hannu ƙarƙashin ƙugunsa ya laluba. "Hannuna dai ya ce da laushi."

Yaya ta ja matar gefe ta maimaita mata abin da take gaya wa masu dawaki, kalma ba ta canza ba. Ta ce za ta ɗinka ta biyu, a riƙa musanyawa.

Cikin wata guda jan da ke bayansa ya ɓace, fatar ba ta fashe ba. Ƙafafun dai suna nan yadda suke. An sayar da goɗiyar. A shago, zubka tana tafiya kamar da, majayi kuwa ya yi ta tara ƙura a kan ƙusoshi, har ta sauke su ta zuba a kwali. Duk ranar Laraba takan rufe da wuri, ta je ta karɓo shimfiɗar da ta yi datti, ta bar mai tsabta. Wata Larabar, a hanyar dawowa, ta tsaya a tashar bas da ƙullin a hammata. Bas uku suka tsaya, suka buɗe ƙofa, suka wuce. Da ta ga ba ta shiga ko ɗaya ba, sai ta kama hanya da ƙafa.